Alhamis da Yamma

Ƙarfe biyu Viorica ke fita.
Ta bar mini takarda a jikin firji:
farar ƙwaya ƙarfe huɗu, rabin shuɗiya kafin duhu,
kada a ba shi gishiri ko zai yi kuka.

Sai ni da Baba,
da kukan jiragen ruwa daga tashar Genova.

Ya dube ni kamar mai karɓar kuɗin wuta.
"Ina yarinyar?"
Ni ce, Baba, Ornella.
"A'a, wadda ta san ciwon ƙafata."
Shekara arba'in da tara ina amsa sunan 'yarsa,
wata takwas ta yi, ta gaje gurbina
ba tare da ta nema ba.

Daren jiya ni da Fulvio muka baje takardu:
albashinta, kuɗin fanshonta, haya,
takalmin Nives da ya matse.
Ya ce a rage mata awoyi.
Na ce kai za ka tashi ƙarfe uku ka canza zanin gado?
Muka kwanta, kowa ya fuskanci bangonsa.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba.
Ranar da zoben Mama ya ɓata
na zuge jakarta tana wanka.
Hoton yara biyu, safa ƙanana da ba a sa ba,
rasit ɗin aika kuɗi zuwa Soroca.
Kwana uku, zobe ya fito a gwangwanin sukari
inda Baba ya ɓoye wa ɓarayin da ke cikin kansa.
Tun ranar nake ƙara mata nama a faranti.
Tana kallona. Ba ta tambaya.

Yanzu uwarta ta faɗi a can, ƙugu ya karye.
Agusta za ta tafi.
Dawowa fa? "Sai abin da hali ya yi."
In ce zauna, da wane baki?
In ce tafi, da wane hannu zan ɗaga Baba?

Bakwai saura kwata.
Miya ta kama gindin tukunya,
shuɗiyar ƙwaya ta gangara ƙarƙashin kujera,
ina durƙushe ina lalube,
kunnena na kan matakala,
ina jiran ƙarar makullin wata
a ƙofar gidan da aka haife ni.