Ranar da Na Rataye Makulli

Shekara goma sha tara ina tuƙa baƙi
daga Mestiya zuwa gindin Ushba,
ina nuna musu ƙahonin dutsen nan biyu da haɓa,
hannuna bai bar sitiyari ba.
Lamara kuwa, matata,
ko sau ɗaya ban ce mata zo mu je ba.

Ran Laraba na rataye makulli a ƙusa.
Ta dube ni sheƙeƙe.
"Gocha, lafiya? Motar ce ta mutu?"
Na ce, "Ɗaura takalmi, yau ke ce baƙuwata."
Ta yi dariya har da dafa bango,
sannan ta naɗe kubdari biyu a tawul,
burodin nan mai cikin nama da gishirin garinmu,
ta cusa a jaka, ta rataya mini.

Na gama tsara komai a kaina:
tafkunan Koruldi kafin rana ta take,
hoto ɗaya, ni da ita, dutse a bayanmu,
sai wata magana
da na kwana uku ina gogewa kamar gilashin mota.

Ashe mai mota bai san tudu ba.
Ba mu yi nisa da hasumiyar ƙarshe ba
gwiwata ta fara kai ƙara,
ƙirjina na gurnani kamar inji a giya ta ɗaya.
Ita ko tana can gaba, sanda a hannu,
tana gaida kowace ƙorama da sunanta.
"Nan saniyar babana ta karye.
Can na ɓata ina 'yar shekara tara,
na kwana da kaina a jikin maraƙi."
Shekara ashirin da biyu rufi ɗaya,
ban taɓa jin wannan labari ba.

Sai gajimare ya sauko ya zauna mana a ka.
Ushba ya shige ɗaki ya ja ƙofa.
Babu tafki, babu hoto,
sai yayyafi mai tsini kamar allura.
Muka raɓe a hammatar wani dutse,
kafaɗa na turin kafaɗa,
muka ci kubdari da ya huce ya lotse.
Ta rarrafa waje cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa,
ta dawo da hulata cike da 'ya'yan daji,
ƙanana, shuɗaye, masu tsami.
Ta zaro mini harshe, ya rine.
Nawa ma haka, in ji ta.

Maganar nan tawa ta kwana uku?
Na laluba, ta zube a hanya.
Abin da ya fito kawai shi ne,
"Ƙafarki ba ta ciwo?"
Ta ce, "Taka ce ke ciwo,"
ta miƙo mini sandar.

Dab da gari, hayaƙin gidaje na tashi,
ta ja rigata, ta ce waiwaya.
Gajimaren ya yage kaɗan,
ƙaho ɗaya ya leƙo, jawur da ragowar rana.
Na kai hannu aljihu neman waya,
ta riƙe mini tsintsiyar hannu.
"Bar shi. Hoto na baƙi ne."

Laraba mai zuwa za ta kai ni
inda kogi ke fitowa daga ƙarƙashin ƙanƙara.
Ta ce kafin nan in sayi takalmin kirki,
in kuma rage taba.