Kilo Ashirin da Uku

Sikelin da muke auna ƙaron roba da shi,
yau akwatunan ɗana yake aunawa.
Kilo ashirin da uku kowane akwati, in ji masu jirgi,
ko allura ba a ƙarawa.
Ruwan Kottayam na dukan kwano tun asuba,
ni ce mai karanta lamba, don idona bai mutu ba.

Kuruvilla ya durƙusa bisa tabarma,
likitan da gari ke miƙe wa, ga shi kamar ɗan tireda:
zaren ɗinki, almakashi, safar hannu ɗauri goma,
fitilar goshi don daren da injin wuta zai yi gardama.
Ya ce, "Ammachi, can a duwatsun Papua Niugini
akwai ƙauyen da ake saɓa mai naƙuda kwana biyu
kafin a hango rufin asibiti."
Na ce, "Nan ma da marasa lafiya. Ga gwiwata."
Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

Saramma, matarsa, ungozoma,
wata shida tana tauna harshen mutanen can a bakin murhu,
ta gaida tukunya, tukunya ta amsa da tururi.
Awarwaronta biyu na aure ta sayar,
ta sayo na'urar jin bugun zuciyar ɗan tayi.
Magana ta zo mini har maƙogwaro, na haɗiye.
Zinariyarta ce.

Eapen, damtse a kumbure da allurar rigakafi,
ya cusa ƙwallonsa cikin safa, yana zaton ban gani ba.
Ƙanwarsa Rahel ta ja mini zane:
"Allahn can yana jin Malayalam?"
Na ce shi ya fara jin sa, kafin kakan kakanki.
Ta ce, "To wa zai ba akuyata ganye?"
Wannan ce tambayar da ta fi ƙarfina.

Ran Lahadi ikilisiya ta ɗora musu hannu,
aka zagaya da faifan baiko sau biyu.
Kowa na ce mini, "Uwar mai bishara, kin ji daɗi."
Wanda bai ɗauki kaya ba, shi ke yabon gammo.

Akwati na ƙarshe ya hau sikeli.
Ashirin da huɗu da rabi.
Ɗaki ya yi tsit, sai ruwa.
Kowa ya san abin da ya yi nauyin:
kwalbar ɗanyen mangwaro da na jiƙa tun bazara
da gishiri da barkono da man riɗi,
tana kwance kusa da kwalin maganin zazzaɓi.
Ba wanda ya ce in cire.
Da sun ce, da na samu abin yin fushi.

Na sa hannu na zaro ta da kaina.

Yana ɗan shekara uku, zazzaɓi ya murɗe shi a ɗakin nan,
na faɗi ƙasa na ce, "Ya Yesu, bar mini shi, na ba ka shi."
Shekara arba'in mai bashi bai leƙo ba,
har na ɗauka ya yafe.
Ashe haƙuri ne da shi, ba mantuwa ba.

Da dare, bayan addu'a, gida ya yi barci,
akwatuna jere a bakin ƙofa kamar baƙi masu jiran sallama.
Na lallaɓa na hau sikelin.
Arba'in da ɗaya.
Da ana raba tsohuwa biyu,
da akwati biyu sun ishe ni, har da sauran wuri.

Na sauka, allurar ta koma sifili.
Na mayar da kwalbar bayan tulu, inda rana ba ta kai.
Sun ce sai bayan shekara uku.
Mangwaron dai zai kai.