Abin da Rago Bai Faɗa Ba

Tun ladan bai yi gyaran murya ba
kawuna Cindo yana bakin kwatar Marwa,
shi da ungulaye, kowa na jiran rabonsa.
Ba tsoka yake nema ba, ba hanta ba.
Hanji yake so, mai ɗumi,
wanda rai bai gama yi wa sallama ba.

Mahauta na dariya:
“Tsoho, miyar gidanka akwai araha.”
Ya naɗe abinsa a ƙwarya, bai tanka ba.

Ni ke ɗebo ruwa.
Da rani Mayo Kaliyawo yashi ne zalla,
sai na tona har gwiwar hannu
kafin ruwa ya tsattsafo kamar mai jin kunya.
Mu tatse, mu wanke, mu sake wankewa,
mu jiƙa a ruwan toka kwana uku,
ya kankare da tsagin gora
har in hango zanen tafinsa ta ciki.
Wari kuwa, ko kajin gidan sun yi ƙaura.

Ya daɗe bai yi wannan aiki ba.
Masu garaya sun koma zaren kamun kifi,
masu gurmi sun gano wayar birkin keke.
Sai ga Malam Jonga daga Kayele
da akwati baƙi a hammata,
gadon wani fada da ya koma ƙasarsu.
Ya buɗe: goge mai ƙugun zanzaro,
ba ƙwarya, ba fatar guza,
kunnuwa huɗu, tsarkiya ko ɗaya babu.
“Na sa na ƙarfe daga Duwala,” in ji shi,
“suna ihu kamar ƙyauren kwano.”

Kawu ya juya shi, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa.
“Bar shi ya kwana.”

Sili uku ga siririya,
bakwai ga ta tsakiya,
ta ƙasan kuwa, mai kauri, na daina ƙirga.
Ya murza, ina riƙe da ɗaya bakin,
muka ɗaure tsakanin darbejiya biyu,
a inuwa, don rana ba ta da haƙuri.

Ta farko ta tsinke.
Ta biyu ta tsinke, ta tsaga mini kunci.
Kawu ya duba guntun, ya tofar da yawu:
“Ragon birni ne. Leda ya ci da kwali.”
Ranar Juma’a muka hau babur har kasuwar Mindif
neman wanda ya tashi a gindin dutse,
ramamme, mai cin ƙaya da harawa.

Kwana goma sha ɗaya.
Ya goge su da man gyaɗa a tsumma
har suka yi launin zuma.

Da Jonga ya shafa ƙaro a izga ya ja,
ba zan ce daɗi ba.
Murya ce mai ɗan dishewa,
irin ta wanda ya yi kuka jiya
yau kuma yana ba da labari.
Tabawa ta tsai da taɓarya a sama.
Mai gyaran rediyo ya leƙo ta katanga.

Kawu bai ɗago kai ba, yana yanke farce.
“Da ransa kalma ɗaya ya sani,” ya ce,
“ashe sauran a ciki ya ɓoye.”

Jaka biyar Jonga ya miƙa. Ya karɓi uku.

Bara muka kai kawu makwancinsa.
Kwatarniyar jiƙon tana nan, an shuka tattasai a ciki.
In damina ta sauka tsarkiyoyin sukan saki jiki,
Jonga ya yi ta murɗa kunnuwa yana tsaki,
amma ya ƙi canza su.
Siririyar ta fara gashi, ya nuna mini shekaranjiya,
bai roƙe ni komai ba.

Yau na riga ungulaye zuwa kwata.
Mahauta na dariya.