Haƙori Ɗaya

A Challapata, inda iska ba ta da kauri,
inda baƙo ke haki in ya sunkuya ɗaure takalmi,
gingimarin babana ya yi tari sau uku ya mutu
da buhu tamanin na gishiri a bayansa.

Ba mu da gareji. Muna da tsakar gida,
da gungume uku da aka haɗa kawunansu sama,
da sarƙa mai tsatsa tana lilo a tsakiya.
Da ita muka ciro injin kamar guga daga rijiya,
baƙin mai na ɗiga inda Inna ke shanya dankali.

Baba Hilarión ya ce, "Nélida, kawo kwalin ƙwai."
Kowane noti da raminsa,
kowane rami da lambarsa ta gawayi.
Wanda ya zube su a roba ɗaya, in ji shi,
zai kwana yana tambayar ƙarfe sunansa.

Sufana sha uku ta ɓata ran Talata.
Ran Juma'a ta fito daga aljihun mai zagin kowa a kanta.

Fistan na huɗu ya ƙone gefe guda,
zobensa ya karye gida uku.
Na wanke sauran da kananzir har yatsuna suka tsage.
Da safe ruwan bokiti kan zama dutse,
sai rana ta taɓa ƙarfe kafin mu taɓa shi.
Gaskit ya zo daga Oruro a ƙarƙashin kujerar bas,
ba namu ba ne: rami ɗaya ya yi ƙaura.
Wani makon kuma.
Baba ya tauna ganyen koka, bai ce uffan ba.

Ranar ɗaure kan inji hannunsa ya ƙi tsayawa.
Rawar da yake ɓoyewa a aljihu tun bara
ta fito fili, sufana na buga wa ƙarfe ƙararrawa.
Ya miƙo mini mai awon ɗauri.
"Fara daga tsakiya ki yi waje.
Kar ki gama da ɗaya ɗan'uwansa bai ɗanɗana ba.
In ta ce ƙas, tsaya. Ƙarfi ba gwaninta ba ne."
Noti ashirin da shida.
Kafaɗata ta riƙa jin ƙas ɗin kafin kunnena.

Ya zuba wa ƙasa barasa kaɗan, ya yayyafa wa taya.
Na murɗa makulli.
Gur-gur-gur. Tsit.
Muka fitar da iska daga bututun mai har kumfa ta ƙare.
Gur-gur. Farin hayaƙi,
ƙara kamar ana sussuka a turmin ƙarfe.
Saturnino ya leƙo ta katanga: batir ne.
Matarsa ta ce nozul.
Wani mai kora lamomi ya ce a sayar a huta.

Da dare na ɗauki tocila ni kaɗai,
na sauke lagireto, na kwance murfin gaba.
Ga ɗigo a wannan faifan, ga ɗigo a wancan,
ya kamata su kalli juna ido da ido.
Haƙori ɗaya ne tsakaninsu.
Ɗan hakin da ka raina.
Na kuma san wanda ya zaunar da shi,
ranar da ya ce idonsa ƙalau, hasken ne bai isa ba.

Na zare, na juya, na mayar.
Ban tashe shi ba.

Da safe murɗa ɗaya injin ya kama.
Kaji suka watse, tagar kicin na kaɗawa.
Baba ya ɗora tafinsa a murfi, ya lumshe ido,
yana sauraro da fata.
"Ban ce miki iska ce a bututu ba?"
Na ce, "Iska ce, Baba."

Ya dubi baƙin da ke ƙarƙashin farcena,
ɗanye, na daren jiya.
Ya daɗe yana dubawa.
Sai ya zagaya ta gaban mota,
ya hau ta ƙofar fasinja, ya gyara hula.
"Gishirin mutane na jira."

A kwalin ƙwai washa ɗaya ta rage.
Har yau ba mu san gidanta ba.