Wa Ya Koya Wa Herminia?

'Yan jarida ba sa gajiya da tambayata:
wa ya koya wa yayarka waƙa?
So suke in ambaci wani malami
ko wata makaranta a birni.
Ni kuwa sai in nuna musu teku.

A Lota, ramin kwal a ƙarƙashin ruwa yake.
Babanmu Evaristo kan sauka da asuba,
kifaye na iyo bisa kansa,
ya hau da dare, ido kaɗai ke fari.

Jiniyar kamfani ce ta fara ba ta murya.
In ta yi kuka ta tsaya, canjin aiki ne.
In ta ƙi tsayawa,
mata su fito da ƙullu a hannu, ba takalmi,
suna ƙirga fitilun da ke fitowa daga rami.
Shekararta bakwai
ranar da lissafi ya gaza da tara.
Namu ya fito.
Na Clorinda, ƙawarta, bai fito ba.

Kiɗa a wurin wanki ta tsince shi,
hannu ashirin na dukan wando a kan siminti,
baƙin ruwa na gangara.
Jita kuma ta kawu Segundo ce,
da amalanken kwal ta cinye masa yatsa uku
ya rataye ta, tsirkiya huɗu suka rage.
Da huɗun ta koya.

Waƙarta ta fari ba ta soyayya ba ce.
Littafin bashi na kantin kamfani ta haddace:
wane, kilo biyu na fulawa,
wance, kyandir da man kitse,
ta rera shi a bakin tandar unguwa
burodi na tashi, mata na dariya,
can sai dariyar ta mutu.
Akawu ya ji.
Aka yanke wa Baba ladan mako guda.

Na zaci duka za ta sha.
Ya zauna, ya daɗe yana kwance igiyar takalmi,
ya ce: maimaita wurin da sunana yake.

Yau masana na yaba shirun
da take bari a tsakiyar baiti,
wai salo ne.
Ina salo?
Nan ne Baba ke tari.
Jira take ya gama.