Taliyar Tasalla

Kafin zafi ya sauko daga dutsen Taka
akwai 'yan makonni a Kasala
da lambu ke yi wa kowa fara'a.
Gash ya ƙafe, yashi ne zalla,
amma rijiyoyin bakinsa ba su yi rowa ba:
ga jarjir, ga ɗanyen wake,
ga 'yar kabewa da furenta bai gama faɗuwa ba.

Ohaj ya tsayar da jaki a ƙofarmu.
Kakata Tasalla ba ta taya kaya sai ta shinshina.
Ta karya wake ɗaya dab da kunne,
in bai ce ƙas ba, na jiya ne,
ya mayar da abinsa.

Injin murjin yana ƙarƙashin gado
cikin tsohon zane.
Mijinta Mati ya ɗauko shi a ka daga Asmara,
shekara tara yana kuku gidan wata Sinyora
da ta rasa kuɗin sallama ta ba shi ƙarfe.
Mutane suka yi dariya.
Shi kuwa ya ce, wanda ya ba ka injin
ya ba ka tuwon gobe.

Gari a akushi, ta haƙa masa rijiya a tsaka,
ƙwai huɗu, gishiri ɗan tsunkule.
Hannunta ya fara rawa bana,
don haka ni ke murzawa, ita ke faɗa:
a hankali, ba niƙa kake ba,
ƙullu ma yana da zuciya.
Zare ya fito dogo, ruwan ƙwai,
muka shanya a igiya kusa da tawul ɗin baƙi.

Baƙi kuwa akwai su.
Tun da Hartum ta watse gidanmu ya cika,
tabarma kan tabarma, takalma goma sha bakwai a zaure,
ɗaya ba shi da ɗan'uwa.

Man zaitun ya yi tsada, na riɗi ya tsaya masa.
Tafarnuwa ta fara magana a kasko,
tumatir ya faɗa ya narke,
wake ya shiga a ƙarshe don kada ya manta korensa.
Ɗoɗɗoya ba ta son wuƙa,
da yatsa ake yage ta.

Jarjir daban a faranti, da albasar garinmu,
lemun tsami, farin cuku a marmashe.
Kawu Ɗanlami ya leƙa ya ce,
ciyawa kuma? Mu awaki ne?
Ta ce, kwaɗo ne da bai samu ƙuli ba,
ci ka yi shiru.

Nafi'u, da ya saba cin na otal a bakin Nilu,
ya ɗaga zare ɗaya yana dubawa.
Ba haka Italiya ke yi ba, Kaka.
Ta goge hannu a gefen zane.
Italiya ta zo nan da bindiga, ta koma.
Taliya ce ta zauna, ta yi aure, ta haihu.
Tambaye ta yadda take so.

Dariya ta tashi, ta farko a makon.

Amma ni yarinyar nan nake kallo,
Suwaiba, da ba ta ce uffan ba tun ranar da motar ta sauke su.
Ta naɗe zare a yatsa, ta zuƙe,
miya ta ɗiga a haɓarta.
Ta miƙo kwano.

Kaka ba ta ce komai ba.
Ta kankare ƙasan tukunya, nata rabon ke nan,
sannan ta dube ni:
gobe ka tare Ohaj tun da asuba,
waken nan kwanansa ya kusa ƙarewa.