Ƙusa a Cikin Bedi

Wata bakwai inji na kwance a zaure,
tun ranar da ƙafar Kawu Lawali ta ƙi shi.
Ba wanda ya tuna an bar masa esansi a ciki.
Ni ma ban tuna ba.

Sai ga aike daga Garin Malam:
bedin gidan Tsahara ya karkata,
ruwan daren Laraba ya kwance masa saiwa,
ya jingina da katanga
kamar mai bin bashi da ya gaji da tsayuwa.

Na ja igiya. Shiru.
Na ja, ya yi tari ɗaya irin na tsoho, ya koma barci.
Na ja har kafaɗa ta fara zagina.
Kawu daga kan tabarma, ko kai bai ɗaga ba:
"Buɗe tanki, sa hanci."

Na sa. Ba warin mai ba ne,
warin tsohon fenti ne,
launi kuwa na shayin da ya kwana.
"Mai ma yana lalacewa kamar fura,
sai dai shi ba ya kumfa ya gaya maka.
Juye shi. Kada tausayin jikka ɗaya
ya kashe maka injin jikka ɗari."

Na juye a gwangwani.
Buji baƙi ƙirin, gindin tukunya,
na goge shi da tsohon buroshin haƙori.
Karbirato ya yi danƙo, na wanke, na hura.
Na auna man haɗi da murfin kwalba,
yadda na ga hannunsa yana yi tun ina riƙe masa kile.

Sannan sarƙa, haƙori bayan haƙori,
magagari gaba kawai, ba a ja da baya,
uku-uku, kada wani ya fi ɗan'uwansa.
"Mai kaifi tsaba take zubarwa," in ji shi,
"dakusasshiya gari take niƙa maka."

Da hantsi ina gidan, takardar gandun daji a aljihu.
Na yanka baki ta wajen fili,
samari huɗu suka riƙe igiya,
inji na ci, tsaba na zuba a kan takalmina,
har na fara jin kaina wani abu.

Sai tartsatsi.
Sai ƙas!
Sarƙa ta tsinke, ta wuce ƙaurina da faɗin yatsa biyu,
ta kwanta a ƙasa kamar macijin da aka taka.

Na tona da wuƙa: ƙusa ce, mai tsatsa,
can cikin tsoka, inda ido ba ya kai.
Tsahara ta leƙa, ta daɗe ba ta ce komai ba.
"Ta Malam Gonda ce.
Nan yake rataya rediyo
lokacin itacen bai fi cinyata kauri ba."
Shi ƙasa ta rufe, ita itace ya haɗiye.

Na koma nesa na zauna,
don itacen da aka fara yanka ba a amincewa inuwarsa.
Na cire gaɓa biyu da suka karye,
na lalubo wasu a gwangwanin kifin Kawu,
na dasa, na buga kan ƙusoshin da guduma a bisa dutse,
a hankali, kada gaɓar ta ƙage.
Na ɗaura, na ja tsakiya, ta koma da kanta.
Hannuna ne kawai bai daina rawa ba.

Bedi ya faɗi bayan la'asar, inda aka ce masa.
Katanga ta tsira.
Maƙwabta na cinikin rassa,
Tsahara ba ta dubi itace ba,
ƙusar ta ƙulle a bakin zane.

Da magariba a ƙofar zaure
na juye tanki, na tayar da inji,
na bar shi ya shanye ɗigon ƙarshe har ya mutu da kansa.
Kawu na ciki yana saurare.
"Gaɓa nawa ka ɗauka?"
Na ce biyu.
Ya ce, "Ranar Alhamis ka mayar mini da su."